Jaridar Gwaji

A 'Yar Kutungu nake kasa hajata,
tsakanin Zayyana mai gyaran rediyo da Hinde mai ƙuli.
Tabarau ne na karatu, jere a kan tire,
daga lamba ɗaya zuwa uku da rabi.
Ba ni da injin awon ido. Jarida gare ni,
guda ɗaya tak, ta sha maiƙon hannu,
shekara bakwai tana kwana ƙarƙashin dutse.
Duk wanda ya zo, in ɗora masa gilashi a karan hanci,
in ce: karanta nan.

Malam Rabe, tsohon ma'aikacin ruwa,
ya karanta: “Za a kammala aikin kafin damina.”
Ya cire, ya goge da bakin riga, ya mayar.
“Sada, wannan ta yau ce?”
Na ce ta bakwai baya.
Ya ce, “To adana ta, baɗi ma za ta yi.”
Ya taya, na ce albarka, ya ƙara, na sallama,
cikon sai fansho ya fito,
wato ni ma na shiga layi.

Mannir ɗan acaɓa ba ruwansa da takarda.
Waya ya zaro, fuskarta a tsattsage kamar fadama da rani.
“Duniya duk tana nan ciki.”
Ya sa lamba biyu, ya hau murza da babban yatsa:
an ce, wai an ce, wani ya ji an ce,
wanda ya rasu da hantsi ya yi jawabi da la'asar.
Na ce wanne ne gaskiya?
Ya ce, “Gilashin bai kai nan ba. Akwai mai ƙarfi?”
Wannan lambar, Mannir, ba a shigo da ita ba tukuna.

Zayyana dai ya rantse ya daina zaɓe,
rantsuwar da yake yi duk bayan shekara huɗu.
Hinde ta ce ita atamfar kowa ta karɓa,
ta ɗinka wa jikoki,
akwatin ƙuri'a ai ba ya da ido.

Ran Litinin Bishir ke zuwa da rasit:
na wuri, na shara, na wani abu da bai taɓa faɗa ba.
Shara kuwa tana bayan rumfa, ta yi ƙiba.
Rannan ya zo a sanyaye, ya tsuguna,
wai uku yake rubutawa ta koma takwas,
an yi masa faɗa a ofis.
Na ba shi biyu da rabi. Baƙi ya fito rangaɗaɗau.
Ya ɗaga kai wajen jujin, ya ce dishi-dishi yake gani.
Na ce na kusa kaɗai yake nunawa,
abin da ke hannunka.
Ya yi shiru, ya ce, “Ashe irinsa ake sawa a sama.”
Ya biya. Ya nemi rasit.
Har mai ƙuli sai da ta ƙware don dariya.

Ana kiran magariba wata tsohuwa ta tsaya.
Ta ture jaridata, ta kwance bakin zane,
takarda ce ninki takwas, cikin leda.
Yaƙi da jahilci ta shiga bayan ta fita takaba,
don wannan kawai.
Ta sa lamba uku. Ta bi da yatsa, baƙi baƙi:
“Ge-ro, ti-ya hu-ɗu. Na Ba-ra-ka ne. Kar a ta-ɓa.”
Ta sake daga farko.
“Baraka ni ce,” in ji ta. “Hannunsa ne.”
Geron an cinye shi tun sadakar bakwai.

Ban faɗi kuɗi ba, ita ma ba ta tambaya ba,
ta ajiye goro biyu a gefen tire, ta wuce.

Na naɗe haja.
Ni da na tsaya a aji huɗu,
jaridar nan da ka na san ta, kamar karatun allo.
Na mayar da ita ƙarƙashin dutsenta.
Hadari na haɗowa ta Ƙofar Marusa,
ga damina ta takwas.